Yadda ake zaɓen kayan da za a sa idan za a gana da kwastoma a Kaduna

Ɗan kwangila, ma'aikaciyar banki, injiniya, mai sayar da filaye, mai haɗa wa kamfanoni manhaja, dillalin taki da iri, duk tambaya ɗaya ke jiransu da safe ranar da za su fita wurin kwastoma: manyan kaya ko ƙananan kaya? Kwat ko kaftani? Leshi ko atamfa? Yawancin mutane suna amsa ta ne da abin da ya fi tsada a durowa, kuma a nan ake fara kuskure. Abin da ake so shi ne shigar da za ta sa wanda ka je wurinsa ya kalle ka sau ɗaya, hankalinsa ya kwanta, ya koma kan maganar da ta kawo ka. Idan ana tsaka da zancen kuɗi idonsa na komawa kan aikin wuyan rigarka ko ƙurar takalminka, kayan sun shiga tsakaninku.

Mataki na farko: san inda za ka da wanda za ka gani

Tun ana jibi za a gana ya kamata ka nemi amsar abubuwa huɗu. Wane ne mutumin, kuma shi zai yanke hukunci ko yaronsa ne? A ina za a zauna: ofis, falon gida, otal, shago, gona ko wurin gini? Ƙarfe nawa? Bayan zaman akwai zagayawa a ga kaya ko fili?

Ba abin kunya ba ne ka kira sakatare ko wanda ya haɗa ku ka ce, "Don Allah a ofis Yallaɓai zai gan mu ko a gida? Za a fita duba wurin ne bayan mun gama?" Wannan kiran na minti ɗaya yana hana mutum zuwa da farar shadda wurin da ake sauke siminti.

Kaduna gari ne da ya tara kowa, don haka shiga ɗaya ba ta ɗaukar ma'ana ɗaya a ko'ina. A ma'aikatun gwamnati da ke Independence Way da gidajen manya a Unguwar Rimi da Malali, kaftani da hula shi ne abin da ido ya saba gani. A bankuna da kamfanonin inshora da ke titin Yakubu Gowon da titin Ahmadu Bello, kwat ko shat da naktaye sun fi yawa daga Litinin zuwa Alhamis. Idan ka haye gada zuwa Barnawa, Kakuri ko Sabon Tasha, za ka tarar da ofisoshi da yawa inda shat da wando ne shigar yau da kullum, kaftani mara aiki kuma yana shiga ba tare da kowa ya ɗaga ido ba. A Panteka ko Kasuwar Gumi kuwa, wanda ya zo da kwat da jaka sai a ɗauka ma'aikacin haraji ne, a fara yi masa magana a tsorace.

Ƙa'idar da muke bi ita ce: ka ɗara shigar da kwastoman yake yi a ranar aiki da mataki ɗaya, kada ka wuce haka. Idan shi yana sa jamfa, kai ka sa kaftani. Idan yana sa shat ba naktaye, kai ka ɗora kwat a kai. Amma idan dattijo ne ko mai muƙami, kada ka fi shi ado. Matashin da ya shiga falon Alhaji da babbar riga mai aikin hannu har ciki, alhali mai gidan na zaune da yadi mara aiki, ya jawo wa kansa tambayar da ba za a furta ba: wannan da kuɗin wa ya ɗinka?

Kaftani, wanda ya fi kowane kaya shiga wurare

Idan kaya ɗaya za ka iya ɗinkawa domin aiki, ka ɗinka kaftani. Yana shiga ma'aikata, banki, gidan basarake da shagon kasuwa, kuma idan lokacin salla ya yi ba sai ka sake komai ba.

Yadi huɗu zuwa huɗu da rabi ya ishi matsakaicin mutum riga da wando. Dogo ko mai jiki ya sayi biyar, don kada tela ya yi masa ƙwauron hannu. Wajen launi, ruwan toka, shuɗi mai duhu, ruwan ƙasa, ruwan madara da sararin samaniya su ne ba sa ba da kunya. Fari yana da kwarjini amma ba ya jure hanya. Ka ajiye shi don Juma'a ko ranar da daga mota sai ofis. Ja, ruwan ƙwai mai haske da kore shar na biki ne.

Tsakanin shadda da yadi, yadi ya fi dacewa da aikin yau da kullum. Ba ya ƙyalli, ba ya ƙara idan ana tafiya, kuma ba ya yamutsewa da wuri. Shadda, musamman Getzner da ire-irenta, ta ranar sa hannu a yarjejeniya ce ko ziyarar farko wurin babban mutum. Kafin ka saya, ka damƙe gefen yadin a hannunka na ɗan lokaci ka saki. Idan ya fito a cukurkuɗe, haka zai yi a bayanka bayan zaman rabin awa a mota. Sannan ka ɗaga shi ta fuskar haske: idan kana hango yatsunka ta ciki, singiletinka ma za a hange ta. Yadin da roba ta yi masa yawa yana da arha da sheƙi, amma yana kulle zufa, kuma a bazarar Kaduna, watan Maris da Afrilu, zai fara wari kafin azahar. Yadin auduga kuma yana shiga idan ya sha ruwa, don haka a jiƙa shi a shanya kafin a kai wa tela. Shadda ba a yi mata haka, domin ruwan farko yana rage mata sheƙi.

Wurin tela ne ake cin nasara ko a faɗi. Ka tsaya a gwada ka, kada ka aika da tsohuwar riga da ka ɗinka shekara uku da suka wuce. Tsayin riga ya sauka ƙasa da gwiwa zuwa tsakiyar ƙwauri. Wanda ya tsaya a gwiwa ya zama jamfa, ita kuma shigar shan iska ce ko ta zuwa wurin wanda kuka saba. Hannu ya tsaya daidai ƙashin wuyan hannu. Kafaɗar riga ta zauna a ƙarshen kafaɗarka, kada ta zubo. Wando ya taɓa saman takalmi ba tare da ya taru a ƙasa ba. Ɗinkin matse jiki da samari ke yayi yana da matsala biyu a wurin aiki. Ta farko, a gidajen manya rusunawa ake yi a gaishe su, wani lokaci a zauna a kan kafet, kuma matsattsen wando a nan yake yagewa. Ta biyu, matsattsen hannu ba ya naɗuwa zuwa gwiwar hannu lokacin alwala, sai mutum ya dawo teburin tattaunawa da jiƙaƙƙen hannun riga. Ka gaya wa tela ya bar sararin yatsu biyu a wuyan hannu. Idan hannun na links ne, wato maɓallin hannu na ƙarfe da ake cirewa, ka tabbata ramukan sun yi daidai da juna, ka kuma ajiye links na biyu a jaka, domin guda ɗaya kan ɓace a wurin alwala.

Aikin wuya ya zama siriri, da zare mai launin yadin ko wanda ya ɗan fi shi duhu. Aljihun ƙirji na biro ɗaya ne. Waya biyu da makullin mota da damin kati a aljihun gaba suna jan rigar gefe guda, wuya ya karkace.

Wani abu da ke ba mutane matsala shi ne lokaci. Daga tsakiyar azumi zuwa ƙaramar salla, da makonni biyu kafin babbar salla, telolin Kasuwar Barci da na unguwanni ba su da sararin kayan aiki, kuma abin da aka ɗinka cikin gaggawa a lokacin yakan fito da hannu ɗaya ya fi ɗaya. Ka kai ɗinkin aiki bayan salla, ka ba da mako biyu, ka je gwaji kafin a yi aikin wuya.

Hula da takalmi

Kaftani ba hula a ofis bai cika ba. Zanna Bukar ko kowace hular aikin hannu mai launi biyu zuwa uku ta isa, a samu launi ɗaya a cikinta da ya ɗauko na rigar. Ba dole sai ta zama launin rigar sak ba. Girman hula da inci ake auna shi, yawancin manya suna tsakanin 21 da 23. Ka san lambarka. Wadda ta matse tana barin zane a goshi da ciwon kai, wadda ta yi yawa tana saukowa kan kunne duk lokacin da ka sunkuya sa hannu. Ka juya ta ka duba bakinta na ciki: idan ya yi baƙi da maiƙo, a kai wa masu wankin hula, su wanke su sa sitaci su ɗora a gungume. Kwana biyu zuwa uku suke ɗauka idan akwai rana, da damina kuma fiye da haka, shi ya sa hula ɗaya ba ta isa.

A kula da hular da ke magana. Jar hula a Arewa yanzu tana da fassarar siyasa, haka hula mai tambarin jam'iyya ko salon ɗinkin da aka san wani ɗan siyasa da shi. Ba ka san ɓangaren da kwastomanka yake ba, kuma ba abin da ya kai ka ke nan ba. Rawani da alkyabba na masu sarauta ne da malamai.

Takalmi sau-ciki na fata, baƙi ko ruwan ƙasa, shi ne na ganawar farko. Sandal na fata mai kyau yana tafiya da kaftani idan ƙafa na da tsabta, an yanke farce, an shafa mai a dunduniya. Da hunturu kaushi da faso ba sa ɓoyuwa. Silifa na roba ba ya zuwa ko'ina. Ka riƙa tunawa cewa a Kaduna sau da yawa za ka cire takalmi, ko a ƙofar falo ko a masallaci. Don haka takalmin da ake zurawa ya fi mai igiya sauƙi, safa kuma ta zama wankakkiya, mara huji, mai duhu. Jar ƙasar garin nan tana kama baƙin takalmi nan take. Ka sa ɗan ƙyalle a jaka ka goge kafin ka shiga, ko ka tsaya wurin shushaina idan akwai minti biyar.

Babbar riga

Wurinta kaɗan ne: bikin sa hannu a babbar yarjejeniya, ziyarar fada, taron ƙaddamarwa, ko idan kai ne shugaban tawaga. Cikakkiya da 'yar ciki da wando tana cin yadi takwas zuwa goma. Idan ba ka saba saɓa ta a kafaɗa ba, kada ranar ganawa ta zama ranar koyo, domin hannunta na share kofin shayi daga kan tebur, yana kuma maƙalewa a hannun kujera. Kada a kusanci inji da ita ko kaɗan.

Kwat da naktaye

Kwat na da wurinsa: bankuna, kamfanonin sadarwa, ƙungiyoyin ƙasashen waje, ofisoshin lauyoyi, da ganawa da baƙin da suka zo daga Legas ko wata ƙasa. Shuɗi mai duhu ko ruwan toka mai duhu ya fi baƙi amfani, domin baƙi yana nuna ƙura kuma ya fi kama da shigar kotu.

Abin da za a fara dubawa kafaɗa ne, domin tela na iya rage tsayin hannu da faɗin ciki, amma gyaran kafaɗa yana da wuya. Hannun shat ya leƙo da kamar rabin inci daga hannun kwat. Idan maɓalli biyu ne, na sama kaɗai ake sawa, a buɗe shi idan za a zauna. Tambarin da ake ɗinkawa a bakin hannun sabuwar kwat cire shi ake yi, haka zaren da ya ɗaure tsagar baya. Bakin naktaye ya tsaya daidai kan bel. Wuyan shat ya ba yatsu biyu wurin shiga. Idan ya fi haka matsewa za ka yi ta ja da shi a gaban mutane. Bel da takalmi su zama launi ɗaya. Safa ta kai tsayin da idan ka ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ba za a ga fata ba.

Kwat ɗin gwanjo ba laifi ba ne, kuma a Kasuwar Barci ana samun masu kyau ƙwarai. Sai dai yawancinsu na ƙasashen sanyi ne. Ka duba ciki: mai kauri da cikakken shafi zai dafa ka. Ka nemi mara nauyi, mai rabin shafi. Ka duba hammata da cikin wuya da gwiwar hannu, nan ne tsufa ke fara bayyana. A kai wa masu wankin kwat kafin a sa, domin warin gwanjo ba ya ɓoyuwa da turare.

Kada a sa kwat a jiki a cikin mota ko keke. A rataye ta ko a ninke ta ciki waje a ɗora a hannu, sai an iso bakin ƙofa a sa. Haka wanda zai bi jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, tafiyar fiye da awa biyu a zaune: kwat ko babbar riga ta tafi a jakarta.

Shigar mata

Mace tana da zaɓi fiye da namiji, kuma an fi sa mata ido, don haka nan ma sai an yi lissafi. Abubuwa uku ne suke shiga kusan kowane ofis a Kaduna: atamfa ɗinkin doguwar riga ko riga da siket da mayafi, abaya mara ado da yawa, ko kwat ta mata a kan doguwar riga ko siket mai tsayi.

Turmin atamfa yadi shida ne, ya isa riga da siket da ɗankwali. A zaɓi mai ƙananan zane da launi biyu ko uku. Mai manyan furanni da ruwan gwal tana janye ido daga fuska. Leshi mai duwatsu, gwaggwaro, da duk wani anko da aka san na biki ne, a bar su sai Asabar. Leshin auduga mara ƙyalli yana iya zuwa babban taro.

Ki gwada ɗinki ta hanyar yin abin da za ki yi da shi. Ki zauna a kujera, ki miƙa hannu kamar za ki ba da takarda, ki sunkuya kamar za ki ɗauki jaka, ki taka matakala biyu. Siket ɗin da bai barin taku ya buɗe zai wahalar da ke wajen hawa keke da benen ofis, kuma zif ɗin baya a nan yake fashewa. Wuyan da ya zauna daidai a tsaye yana iya buɗewa idan an sunkuya kan tebur. Duk yadi mai shara-shara a sa masa shafi na auduga, a kuma duba shi a hasken rana, domin hasken ɗaki yana ruɗi. Tsayin abaya ko doguwar riga ya tsaya kamar inci ɗaya sama da ƙasa da takalmin da za a sa. Wadda ke jan ƙasa tana kwasar ƙura da rani, taɓo da damina, bakinta ya canza launi kafin a isa.

Mayafi shi ne abin da ya fi ɓata wa mata zama. Mai santsi yana zamewa, sai a wuni ana gyara shi da hannu ɗaya ana bayani da ɗaya. A sa hular ciki, a kama shi da fil biyu, ɗaya a ƙarƙashin haɓa ɗaya a kafaɗa, ko a zaɓi yadi mai ɗan kauri da ke zama da kansa. Mai sa hijabi ta zaɓi mai hannu idan za ta yi rubutu ko aiki da kwamfuta, ta kuma duba bakin fuskar, domin hoda na barin shaida a nan, musamman a fari da ruwan madara. Launin mayafi ya ɗauko ɗaya daga launukan kayan.

Takalmi mai tudun inci biyu ko ƙasa da haka ya isa. Mai tsini yana nutsewa a harabar da ba a shimfiɗa mata siminti ba, kuma irin wannan harabar na da yawa. Awarwaro masu ƙara suna bugun tebur duk lokacin da aka motsa hannu. Agogo, zobe ɗaya da ƙananan 'yan kunne sun wadatar. Jaka ta zama wadda fayil zai shiga ba tare da an lanƙwasa shi ba. Humra da turaren wuta kuwa, abin da ya yi daidai a gida yana yin yawa a ƙaramin ofis mai na'urar sanyaya ɗaki da rufaffiyar taga, kuma akwai masu asma da ciwon kai. Wannan ya shafi maza masu turaren udu ma: feshi biyu, a jiki, kafin a sa riga, domin mai na turare yana barin tabo a shadda.

Lokacin da ƙananan kaya suka fi dacewa

Akwai ganawar da manyan kaya ke ɓata ta. Injiniyan da zai duba gini a Millennium City, mai sayar da injin niƙa da zai shiga masana'anta a Kakuri, mai sayen citta da zai je Kachia, mai kafa sola da zai hau rufi: waɗannan kwastoma yana so ya ga mutumin da zai iya taɓa aikin da hannunsa. A nan shat mai wuya ko polo mai tambarin kamfani, wandon kaki ko jins mai duhu mara yaga, da rufaffen takalmi mai ƙarfi su ne daidai. Inda ake gini ko akwai inji, a ƙara hular kwano da takalmin kariya; wasu masana'antu ba sa barin mutum ya wuce ƙofa ba tare da su ba. Mace a irin wannan wuri ta sa riga mai tsayi zuwa gwiwa da wando mai faɗi, ta cusa bakin mayafi cikin riga don kada inji ya kama shi.

Sassauci yana da iyaka. Rigar ƙwallo, tishat mai rubutu, gajeren wando, yagaggen jins da hular hana-salla ba kayan ganin kwastoma ba ne ko da sa'anka ne. Kaya masu zanen kakin soja kuwa kada a kusance su sam: an hana farar hula sa su, kuma Kaduna gari ne na sojoji, ga Runduna ta Ɗaya a Kawo, ga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, ga sansanin sojan sama a Mando.

Idan rana ɗaya ta haɗa ofis da fili, ka sa kaftani mai duhu ko shat da wando, ka ajiye takalmin fili a mota. Sauya takalmi ya fi sauya kaya sauƙi.

Ganawa ta bidiyo ma ganawa ce. Riga mai siraran layuka tana rawa a kyamara, fara ƙal kuma tana sa fuska ta yi duhu. Launi ɗaya mai matsakaicin duhu ya fi, haske ya zo daga gabanka.

Rana da yanayi

Juma'a ranar manyan kaya ce kusan a ko'ina, har a bankunan da ke sa kwat sauran ranaku. Wanda ya je da naktaye ranar zai zama shi kaɗai. Sai dai a watan Disambar 2021 gwamnatin jihar ta mayar da ma'aikatanta aikin kwana huɗu a mako, don haka idan ma'aikatar jiha za ka, ka tabbatar akwai wanda za ka tarar kafin ka ɓata guga.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura tana bayyana a baƙi da fari duka, ruwan toka da ruwan ƙasa ne ke ɓoye ta. Idan akwai sanyin safe, a sa rigar sanyi siririya a ƙarƙashin kaftani maimakon jibgegiya a samansa. Da bazara a sa singileti mai hannu na auduga domin ya tsare zufar hammata, a guji ruwan toka mai haske da sararin samaniya, su ne suka fi nuna jiƙewa. Ka isa da minti goma sha biyar a hannu don jiki ya huce kafin a kira ka. Da damina, musamman Agusta, lema ta zauna a jaka, farin wando kuma ya huta.

Daren da za a wayi gari a fita

Guga da daddare ake yi, lokacin da aka samu wuta, ba da safe ba. Shadda ana goge ta ta ciki ko a ɗora siririn ƙyalle a kai, da matsakaicin zafi. Zafi mai yawa yana ƙona sheƙin ya bar tabo mai siffar dutsen guga wanda ba ya fita. Idan ta gaji, masu bugu sun fi guga dawo mata da kyau. Baƙin wando da kwat ma ta ciki ake goge su, in ba haka ba su yi ƙyalli a gwiwa da mazauni. Sitaci kaɗan ake so: idan ya yi yawa rigar na karyewa a wurin zama, a yadi mai duhu kuma yana fitowa fari-fari. Mai amfani da dutsen gawayi ya goge ƙasansa ya rufe shi da kyau, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya huda riga.

Bayan guga ka sa kayan gaba ɗaya, har hula da takalmi, ka duba madubi gaba da baya. A nan ake gano maɓallin da ke lilo, zif da ya cije, ko wandon da ya daina rufuwa tun bayan salla. Ka rataye su a hanga, kada ka ninke. A jaka ka sa hankici, ƙyallen takalmi, allura da zare ko fil biyu, da biro mai rubutu wanda ba ya yoyo. Da safe a karya kafin a sa riga. Manja da shayi ba sa jiran kowa. Mai cin goro ya wanke baki kafin ya shiga.

Ga wanda yake fara aiki kuma kuɗi bai taru ba, kaftani uku masu launi daban, hula biyu da za su shiga da dukkansu, shat biyu, wando mai duhu ɗaya, kwat ɗaya da takalmi biyu za su riƙe shi shekara. Mace kuma atamfa uku, abaya ɗaya, mayafi uku marasa zane da takalmi biyu. A riƙa hutar da takalmi kwana ɗaya tsakanin sawa domin zufa ta bushe, in ba haka ba fatar na tsagewa kuma wari ya kama.

Idan duk da haka ka isa ka ga ka fi kowa ado, gyaran na da sauƙi: cire naktaye, rataye kwat a bayan kujera, ko ka bar babbar riga a mota ka shiga da 'yar ciki da hula. Idan kuma kai ne ka gaza, misali an kira ka daga wurin aiki kai tsaye, ka wanke fuska da hannu, ka kaɗe ƙura, ka ce sau ɗaya, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, daga fili nake," sannan ka buɗe fayil ka shiga maganar da ta kawo ka.